Makunnin fitilu da waifa na jikin sitiyari

Makunnin sitiyari wasu 'yan sanduna ne biyu da ke manne a wuyan sitiyarin mota, ta yadda direba zai kunna fitila, sigina da waifa ba tare da ya ɗauke hannu daga tuƙi ba. Tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, yawancin motocin ƙasar sitiyarinsu na hagu ne, don haka sandar sigina da fitila tana hagu, ta waifa kuwa tana dama.

A ciki, ƙananan farantan tagulla ne ke haɗuwa su rabu. Idan direba ya tura sandar, wutar batir ta bi ta fis zuwa rile, shi kuma ya buɗe wa fitila ko injin waifa hanya. Akwai wani ɗan haƙori da ke juyawa tare da sitiyari, wanda ke mayar da sigina da kanta bayan kwana. Motocin Buick na Amurka ne suka fito da wannan dabara a 1940.

A hanyoyin Batsari da Safana, inda tsofaffin motocin Golf ke jigilar fasinja da buhunan hatsi zuwa Katsina da Dutsin-Ma, makunnin nan na shan wahala. Ƙurar hunturu tana shiga ta haɗu da man da ke jikin farantan ta toshe su, sai fitila ta riƙa ƙiftawa, ko waifa ta ƙi tashi a farkon damina. Masu gyaran wayoyin mota kan buɗe makunnin su wanke, domin na tsofaffin motoci ana iya gyara shi, amma na sababbi da ke haɗe da kwamfutar mota, sau da yawa sai dai a canza shi gaba ɗaya.