Haɗa Magunguna Ko Aikin Jinya? Waiwaye Kan Tarihin Sana'o'in Biyu

A ranar taronmu na shekara-shekara da ya wuce, bayan mun gama zagaya ɗakunan karatu, wata ƙanwarmu 'yar ajin ƙarshe ta tsayar da ni a bakin ɗakin gwaje-gwaje. Ta ce, "Yaya, ni aikin jinya nake so, amma a gida an ce in cike haɗa magunguna a fom ɗin JAMB, wai shi ya fi daraja." Ban ba ta amsa mai gamsarwa ba a ranar, don haka na ga ya kamata in yi amfani da wannan fili in biya bashin. Ni dai ba nas ba ne, ba kuma mai haɗa magunguna ba, ma'aikacin ofis ne. Sai dai kakana malamin asibiti ne tun zamanin En'e, kuma daga bakinsa na fara jin cewa wannan rabuwa da ake yi wa sana'o'in biyu ba daɗaɗɗiya ba ce a ƙasarmu.

A zamaninsu, watau shekarun 1950, asibitin sha-ka-tafi na gunduma mutum ɗaya ne ke riƙe da shi, sai yaron da ke share masa wuri. Shi zai saurari mara lafiya, shi zai auna ruwan magani daga manyan kwalabe ya zuba a kwalbar da mutum ya zo da ita daga gida, shi zai wanke gyambo ya ɗaure, shi zai yi allura. Likita Bature sai an yi makonni kafin ya leƙo rangadi. Mutanen ƙauye kuwa ba ruwansu da bambanci, duk wanda ya sa farar riga likita ne.

Amma tun a lokacin kowace sana'a ta riga ta kama hanyarta daban daga Legas. A fannin magani, Richard Zaccheus Bailey ya buɗe kantin magani a Legas a 1887, kuma shi ake ɗauka a matsayin na farko a Nijeriya. A 1927 masu sana'ar suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, wadda har yau tana nan. Makarantar Yaba ita ke horar da na Kudu, sa'an nan a 1930 aka buɗe Makarantar Haɗa Magunguna ta Zariya don jihar Arewa. Abin sha'awa shi ne, marigayi Malam Sa'adu Zungur, wanda muka fi sani da waƙa da siyasa, ya yi karatu a Babbar Kwalejin Yaba, ya kuma koyar a wannan makaranta ta Zariya. Karatun digiri ya fara ne a Jami'ar Ife bayan samun 'yancin kai, ita kuma makarantar Zariya daga baya ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ke nan tun da wuri haɗa magunguna ya shiga jami'a ya zauna, kuma daga nan ne darajar da iyaye ke gani ta samo asali.

Aikin jinya kuwa ya biyo wata hanya ce mai wuya. Ba sabon abu ba ne a tarihi, domin Rufaida al-Aslamiyya ta kafa tanti a Madina tana jinyar waɗanda aka ji wa rauni, kuma a can aka kwantar da Sa'adu bin Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Tsarin makaranta irin na yanzu ya fito ne daga Ingila, inda Florence Nightingale ta buɗe makarantarta a Landan a 1860, bayan dawowarta daga yaƙin Kirimiya. A nan ƙasar, asibitocin mishan da na gwamnati ne suka fara ɗaukar matasa suna koya musu aikin a bakin gado, ba tare da wata takardar shaida mai ƙarfi ba. A Arewa yawancinsu maza ne, saboda 'yan mata kaɗan ne ke zuwa boko, iyaye kuma ba su yarda 'yarsu ta kwana a asibiti tana hidimar baƙi ba. Sai a 1930 aka kafa hukumar ungozomomi, a 1947 aka yi dokar rajistar masu jinya, a 1952 kuma aka buɗe makarantar jinya ta asibitin koyarwa na Ibadan. Jami'ar Ibadan ta fara ba da digirin jinya a 1965, amma shekara da shekaru mafi yawan nas-nas ɗinmu ta makarantun shekara uku suke fitowa. Da yake tsarin aikin gwamnati takarda yake dubawa kafin ya ɗora mutum a matakin albashi, mai digiri ya shiga gaba, mai satifiket ya biyo baya. Wannan na gani da idona a fayil-fayil na ma'aikata.

Daga baya gwamnati ta daidaita kowane ɓangare da dokarsa. Dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ta haɗe jinya da ungozomanci ƙarƙashin hukuma ɗaya, mai lamba 91 ta 1992 kuma ta kafa hukumar masu haɗa magunguna, wadda aka sabunta dokarta a 2022. A yau jami'o'i da dama, har da na Arewa, suna ba da digirin jinya na shekara biyar, shi kuma haɗa magunguna shekara biyar ne, ko shida a sabon tsarin da jami'o'i ke komawa kai. Watau tazarar takarda da ta raba su a zamanin iyayenmu ta ragu ƙwarai, ko da yake tsohon tunanin bai bar gidajenmu ba.

To, in ba daraja ba, da me za a yi zaɓi? Tarihi ya nuna nauyin da ke kan kowanne. A 1990 yara fiye da 100 suka mutu a Jos da Ibadan bayan sun sha ruwan farasitamol da aka haɗa da wani sinadari mai guba. Wannan na cikin abubuwan da suka kai ga kafa NAFDAC a 1993, hukumar da Dora Akunyili, ita ma mai haɗa magunguna, ta jagoranta daga 2001 zuwa 2008 tana yaƙi da jabun magunguna, har aka kai mata hari da bindiga. Mai wannan sana'a sau da yawa ba ya ganin fuskar wanda ya ceta, kuskurensa na awo ɗaya kuwa yana iya shiga gida dubu. Aikin yana bukatar mai son ilmin sinadarai da lissafi, mai natsuwa, wanda ribar kanti ba za ta sa ya sayar da abin da ya san ba shi da kyau ba.

Shi kuwa mai jinya, da jikinsa yake aiki. Lokacin annobar sanƙarau ta 1996 a Arewa, su ne suka kwana da majiyyata a ɗakunan da suka cika maƙil. A 2014, da cutar Ebola ta shigo Legas, masu jinya na cikin waɗanda suka rasa rayukansu. Akwai aikin dare, akwai jini da amai, akwai faɗan 'yan'uwan mara lafiya. Wanda ba ya iya jure waɗannan, ko ƙasar waje aikin ya kai shi, kamar yadda ake ta tururuwa zuwa Ingila a 'yan shekarun nan, ba zai ji daɗinsa ba.

Don haka shawarata ga ƙannenmu ita ce, kafin a cike fom, a nemi izini a je a yini a ɗakin magani na asibiti, a kuma yini a ɗakin majiyyata, sa'an nan kowa ya tambayi zuciyarsa inda zai iya yin shekara talatin da biyar. Mu kuma tsofaffin ɗalibai, akwai nas-nas da masu haɗa magunguna a cikinmu, ya kamata ƙungiya ta riƙa gayyato su suna zama da 'yan ajin ƙarshe, da iyayensu in da hali, tun kafin lokacin rajistar jarrabawa. Ita kuwa ƙanwar tamu, na yi alkawarin zan kai wa mahaifinta wannan mujalla da hannuna. Allah Ya yi mana zaɓi mafi alheri, amin.