Daga rumbun laka zuwa buhu mai ninki uku: tarihin yaƙinmu da ƙwaron hatsi

'Yan uwa 'yan kasuwa, a wannan biki na cikar shekarun ƙungiyarmu ya dace mu waiwayi wani abokin gaba da bai taɓa biyan kuɗin kwastan ba, amma ya ratsa kowace iyaka tare da kayanmu. Shi ne ƙwaron hatsi. Duk wanda ya taɓa buɗe buhun wake a sito a Akodesewa ya tarar da gari da huji ya san asarar da muke nufi.

Kakanninmu a ƙasar Hausa sun san maganinsa tun kafin zuwan Turawa. Sukan gauraya wake da toka ko yashi, su zuba gero da dawa a rumbun laka, su liƙe bakinsa da ƙasa. Daga baya wasu suka koma ga durom na ƙarfe mai murfi. Dabarar ɗaya ce: a hana ƙwaro numfashi. Iskar da muke shaƙa tana da kashi 21 cikin ɗari na oksijin. In aka rufe hatsi ruf, ƙwari da tsutsotsinsu su ne za su shanye wannan oksijin, iskar kabon da suke fitarwa ta taru, har su daina ci, su daina haihuwa, su mutu.

Da fatauci ya bunƙasa, buhun algarara da buhun leda suka maye gurbin rumbu, saboda sun fi sauƙin lodi a mota. To amma iska tana ratsa su, sai aka dogara ga maganin feshi da ƙwayar fostoksin.

A 1984 Togo ta ga sabuwar masifa. An gano wani ƙwaro a rumbunan masara kusa da Lome, wanda asalinsa daga Meziko da Amurka ta Tsakiya yake. Masana na kiransa Prostephanus truncatus. Ya riga ya ɓulla a Tanzaniya a ƙarshen shekarun 1970, inda manoma suka laƙaba masa suna Scania. Yana huda masara tun tana jikin totuwa, yana cin busasshen rogo, har katakon rumbu bai bari ba. Daga Togo ya yaɗu zuwa Benin da Gana. A 1991 hukumar kare tsirrai ta Togo, tare da taimakon hukumar GTZ ta Jamus, ta saki wani ƙwaron da aka kawo daga Amurka ta Tsakiya, Teretrius nigrescens, wanda ke cin ƙwai da tsutsar na farkon. Ɓarnar ta ragu, amma ba ta ƙare ba.

Ta ɓangaren wake kuwa, mafita ta fito ne daga Marwa a arewacin Kamaru. A ƙarshen shekarun 1980 masu bincike na Kamaru da na Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Larry Murdock, suka gwada ajiye wake a leda ninki uku. A 2007 aka ƙaddamar da shirin buhun PICS a ƙasashe goma, ciki har da Togo, Nijar, Nijeriya, Benin, Gana da Burkina Faso. Buhun yana da leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, kowanne ana ɗaure bakinsa daban. Kamfanin Lela Agro na Kano yana cikin waɗanda suka fara ƙera shi, kuma masu binciken cibiyar INRAN ta Maraɗi sun yi ta gwada shi a ƙauyuka. Tsohuwar hikimar rumbu ce ta dawo, a siffar da za ta hau tirela. Manyan ma'ajiyoyi su ma suna bin wannan hanya, sai dai su hura iskar naitirojin ko kabon suke yi don korar oksijin nan take.

Abin da ya faru a 2015 ya nuna muhimmancin wannan sauyi. Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan gubar daikilobos da aka samu a cikinsa. Wasu ne suka zuba guba, amma dukan 'yan kasuwa suka rasa kasuwar. Mu da ke ɗauko wake daga Dawanau da Maraɗi, mu bi ta Sinkase har bakin tashar ruwan Lome, jarinmu na gaskiya shi ne amincewar mai saye.

Buhun yana da sharuɗɗansa. Hatsi ya bushe sarai kafin a zuba. A duba leda ko ta huje, a matse iska, a ɗaure tam, kada a riƙa buɗewa. A ɗora buhunan a kan katako, nesa da bango da ɓera, domin ɓera da ƙwaron masarar nan suna iya huda leda daga waje. 'Yan lodi su ajiye ƙugiya. Kuɗinsa ya fi na buhun yau da kullum, amma ana sake amfani da shi muddin bai huje ba, kuma mai haƙurin ajiyewa har lokacin bazara, sa'ad da farashi ke tashi, yakan mai da kuɗinsa.

Allah ya albarkaci kasuwancinmu, ya tsare mana dukiyarmu da lafiyar masu cin abin da muke sayarwa. Amin.