Tarihin maganin tari a gidajenmu



Hunturu ya kama, a lakwal ba mu gama darasi ɗaya ba tare da tarin yara ya katse mu ba. Shi ya sa munka ga ya dace mu waiwayi abin da iyayenmu na Sae Sabuwa suke yi wa tari tun ba a san likita ba a ƙasar Maradi.

Maganinsu iri biyu ne, na daji da na fatake. Na daji shi ne na talaka, ba a biyan ko dala. Sabara ce kan gaba: a tsinko ganyenta, a dafa, a tace, a sha da ɗumi safe da maraice. Wanda maƙogwaro ke yi wa ƙaiƙayi sai ya tsotsi bagaruwa, wasu kuma su jiƙa ɓawon gawo. Na fatake kuwa sai mai ɗan hali. Masoro da kimba ba su fita a ƙasarmu, daga kurmin kudu suke zuwa tare da goro. Citta ma daga kudu take. Kanumfari ya fi su nisa, asalinsa tsibiran Indunisiya ne, kuma a ƙarni na 19 Zanzibar ta yi suna wajen nomansa. Tsohuwa takan daka su ta zuba a kunu, ko ta kwaɓa da zuma a lasa. Wato ƙullin yajin da ke ɗakin kaka ya fi yawancinmu ganin duniya.

Farin 1973 da 1974, da na 1984, sun kwantar da daji, abin da ya rage kuma gatari ya cinye. Sai da mace ta yi tafiya kafin ta samo ganye. Daga 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman Maradi, sunka fara abin da muke kira sassaben zamani, wato a bar tohon kututture a gona ya girma. Ta haka sabara da kalgo sunka sake tsayuwa a gonakinmu.

Ba duk abin da munka gada ne muke yabo ba. Cire hakin wuya da wanzami ke yi wa jariri don tsoron tari ya sha jawo zubar jini. Zuma kuwa, duk da amfaninta ga tarin dare, likitoci sun hana a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba. Tarin shiƙa ma rigakafi ne ya rage shi, ba jiƙo ba.

Akwai kuma tarin da tsofaffi kansu sunka san ya fi ƙarfin sabara, shi ne tarin fuka. Mai shi akan ware masa ƙwarya da ludayi, a zuba wa Allah ido. A 1882 Bajamushe Robert Koch ya gano ƙwayar da ke kawo shi, a 1921 anka fara rigakafin BCG a Faransa, amma maganin da ke kashe ƙwayar bai samu ba sai wajen 1944. Yau ana warkewa, in an sha magani wata 6 ba fashi, kuma a Nijar kyauta ake ba da shi.

Wannan maganar taku ce, masu zuwa Kano da Legas da Agadas, da waɗanda sunka bi zinariyar Jado tun 2014. Kuna kwana mutum goma a ɗaki guda, kuna shaƙar ƙurar rami. Mun ga saurayi ya komo gida da tarin wata uku, ya rame, yana zufar dare, yana ta shan citta da lemun tsami, alhali ƙannensa na kwana kusa da shi. Tarin da ya wuce sati 2, ko aka ga jini a kaki, a kai shi likita a auna kakin.

Muna roƙon dattawa, wanda ya san wani icen tari da ba mu ambata ba, ya faɗa wa magatakardan ƙungiya sunansa da yadda ake haɗa shi, mu sa a fitowa ta gaba.