Yaye 'Ya'yan Alade da Lafiyar Hanjinsu

A yankunan da ake kiwon alade, kamar Kudancin Kaduna da Filato, makonni 2 na farko bayan yaye lokaci ne na asara. Hanjin ɗan alade nono kawai ya sani. Idan aka raba shi da uwarsa farat ɗaya, yakan ƙi cin abinci, bangon hanjin ya yi rauni, ƙwayar cutar E. coli ta samu kafa, sai gudawa da rama, wani lokaci har mutuwa.

Ana fara rigakafi tun kafin yaye. Daga kwana 10 zuwa 14 da haihuwa, a riƙa ajiye musu garin masara da na waken suya inda uwar ba za ta kai ba. Wajibi ne a soya waken, domin ɗanyensa yana hana narkewar abinci. Dusar burukutu kuwa, duk da arharta, ta manya ce. Ta fi ƙarfin cikin ƙanana.

Mai kiwo a gida ya jira makonni 6 zuwa 8. A ɗauke uwar, a bar 'ya'yan a ɗakin da suka saba, da ruwa mai tsabta kullum. Idan gudawa ta ɓulla, a hanzarta kiran jami'in lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma.