Tarihin Gyaran Fuskar Masu Ciwon Iska a Ƙasar Hausa



Cutar da zan ba da tarihin aikinta a yau, likitoci na kiranta noma. Wannan suna ya kan rikitar da Bahaushe, domin a wurinmu noma shi ne abin da ke cika rumbu. Amma kalmar ta Girkanci ce, ma'anarta kiwo ko cinyewa, watau yadda dabba take cinye ciyawa. A ƙasar Sakkwato ana ce mata ciwon iska, waɗansu kuma su ce zaizayar baki. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda tamowa ta raunana, sa'an nan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya bi ta kansu. Takan fara da miki a dasashi, bakin yaro ya yi ɗoyi, kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki naman ya yi baƙi ya zube. In ba a yi magani ba, wajen tara cikin goma sukan mutu. Wanda ya tsira kuwa yakan tashi da rami a kunci, ko babu leɓe, ko babu hanci, sau da yawa kuma muƙamuƙinsa ya ƙage, ba ya iya buɗe baki. Waɗannan su ne mutanen da likitan gyaran jiki yake aiki a kansu.

Shi ilmin ɗebo fata daga wani wuri a toshe wani, tsohon ilmi ne. Littafin Sushruta na ƙasar Indiya ya bayyana yadda ake sake hanci tun kafin haihuwar Annabi Isa, a Italiya kuma Tagliacozzi ya buga littafi a 1597 a kan yin hanci da fatar dantse. Amma yaƙi ne ya mai da shi fanni mai zaman kansa. A 1917 aka buɗe asibiti a Sidcup ta Ingila domin sojojin da harsashi ya ɓata wa fuska, inda Harold Gillies ya yi ta gwada dabaru. Abin da duk waɗannan suka gane shi ne, fata mai kauri ba ta rayuwa in an raba ta da jininta. Gyartai yana iya ɗinke ƙwarya yadda ya ga dama, don ƙwarya ba ta da rai. Likita kuwa tilas ya bar gefe ɗaya na fatar a manne da inda ta fito, ya juyo ɗaya gefen ya ɗinka a ramin, ya jira makonni har sababbin jijiyoyi su kama, kana ya yanke gindin.

Turai ta san ciwon iska ƙwarai. Ya yi ta cin 'ya'yan talakawanta har ƙarshen ƙarni na 19, ya ɓace da abinci da tsabta suka wadata, tun ba a gano fanisilin ba, ya kuma sake ɓullowa a sansanonin Auschwitz da Bergen-Belsen lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda aka tara mutane cikin yunwa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana ba cutar baƙar fata ba ce, ba kuma aikin iskoki ba ne.

A Nijeriya, binciken ya soma ne daga Jami'ar Badun. A 1966 Michael Tempest ya buga bayanin yara 250 da ya duba a can, bayan shi kuma Cyril Enwonwu ya ɗauki shekaru yana bin alaƙar cutar da tamowa. To, a nan ne nake so in ɗan tsaya, domin akwai rabon wannan jami'a tamu da ba a cika ambata ba. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, tsangayar koyon likita ta biyo baya a 1967, asibitocinta kuwa a wancan zamani suna warwatse ne a Tudun Wadan Zariya da Kaduna da Malumfashi. A sashen fiɗar baki da muƙamuƙi na Kaduna, E. O. Adekeye da R. A. Ord suka buga maƙala a 1983 a kan ƙa'idojin jinyar ciwon iska da gyaran ɓarnarsa. A 1986 Adekeye da abokan aikinsa suka sake buga wata, a kan juyo tsokar ƙirji ko ta baya tare da fatarta zuwa fuskar yara da samari. Dalilin ɗauko tsoka shi ne, ramin da ciwon iska yake bari ya bambanta da raunin harsashi. Soja babba ne mai ƙoshin lafiya, naman da ke gefen rauninsa lafiyayye ne. Yaron ciwon iska kuwa gefen raminsa duk tabo ne mai tauri wanda jini bai ishe shi ba, ga shi fuskar tana cikin girma, tabon yana ja, haƙora suna fitowa a karkace. Saboda haka ana bukatar nama mai yalwar jini daga nesa, kuma rufi biyu ake yi, na ciki mai fuskantar baki da na waje. Wanda ya rufe waje ya bar ciki, aikinsa zai tsuke ya lalace.

Mutane da dama sun ɗauka wannan aiki ya faro ne da zuwan Turawa Sakkwato. A ganina wannan rashin adalci ne ga waɗanda suka yi shi a Badun da Kaduna da kayan aiki kaɗan, ko da yake ba na raina abin da Sakkwato ta kawo. An buɗe Asibitin Yara na Noma a can a 1999 da taimakon ƙungiyoyin Jamus da Holan, ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo a 2014. Amfanin tara majinyata wuri ɗaya shi ne an sami damar ƙirga. Klaas Marck da abokansa sun tsara ma'auni na ɓarnar cutar, ana duba hanci, da kunci ciki da waje, da leɓɓa biyu, da ƙagewar muƙamuƙi, a ba kowanne lamba, don likitoci biyu su iya kwatanta aikinsu. Akwai kuma wani lissafi da ya burge ni. Tun da yawancin yaran suna mutuwa a ƙauye ba wanda ya rubuta, yaya za a san yawansu? Sai masu bincike suka dubi waɗanda aka haifa da tsagaggen leɓe, waɗanda an san gwargwadon yawansu a cikin haihuwa, suka kwatanta adadin da ya zo asibitin da na masu ciwon iska. A 2003 suka ƙiyasta yara 6.4 cikin kowane 1,000 a arewa maso yammacin Nijeriya. Ƙiyasi ne, ana iya jayayya da shi, amma da shi aka sami abin nuna wa hukuma.

An yi jayayya kuma a kan ƙwayar cutar. Enwonwu da Falkler sun ɗora zargi a kan wata ƙwaya da aka sani a jikin dabbobi, suna ganin kwana kusa da tumaki da awaki yana da hannu. Amma binciken da likitocin Janeba suka yi a Damagaram, wanda aka buga a 2013, bai sami ƙwaya guda da za a kama ba. Ya sami rikicewar ƙwayoyin da ke zaune a baki tun asali, a jikin yaron da tamowa da ciwo suka kayar. A watan Disamba na 2023, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su.

Inda ilmin ya fi rauni har yanzu shi ne muƙamuƙi. Sa wa mai ƙagaggen baki maganin barci ma wuya ne, sai an zura bututun numfashi ta hanci da na'ura mai ido. Likita ya yanke tabo, wani lokaci har da ƙashin da ya haɗe, baki ya buɗe, a ɗauki hoto, kowa ya yi murna. Amma da aka bi sawun waɗanda aka yi wa wannan aiki a Sakkwato, binciken da aka buga a 2010 ya nuna bakin da yawansu ya koma ya tsuke, domin buɗewar tana bukatar motsa muƙamuƙi kullum har tsawon watanni, yaro kuwa ya koma ƙauye ba mai duba shi.

Da safen nan na biyo hanya daga Dogarawa ta Kwangila zuwa Samaru. Wanda ya zarce kaɗan zai isa Shika, inda asibitin koyarwa ya tare tun 2005. Uwar da ke Dogarawa, in ta ga dasashin ɗanta yana jini yana ɗoyi bayan ƙyanda, tana iya kai shi asibiti a yinin, a wanke bakin, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki, cutar ta tsaya ba a kai ga wuƙa ba. Wadda ke ƙauyen da mota ba ta shiga da damina ita ce ba ta da wannan dama, ɗanta ne kuma ba a sake gani bayan fiɗa. Ɗalibanmu masu neman abin da za su yi bincike a kai, ina ba su shawara su ɗauki rajistar waɗanda aka yi wa aiki shekara biyar da suka wuce, su bi su gida gida da ma'auni, su auna yadda bakin kowannensu yake buɗewa, su tambaye shi me yake iya ci.