Yadda Ake Ƙarin Ɗaki a Gombe, Jiya da Yau

Wanda duk ya san tarihin biranen Arewa ya san Gombe ta yanzu yarinya ce idan aka gwada ta da Kano ko Katsina, domin masarautar da Modibbo Buba Yero ya kafa a zamanin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta fara zama ne a Gombe Abba, sa'an nan bayan yaƙin Burmi na 1903 Turawa suka mai da mazauninta Nafada a 1913, kafin a sauko Doma, wato Gombe ta yanzu, a 1919, zamanin Sarki Umaru. Saboda haka abin da ya ɗauki tsofaffin birane ƙarnuka, a nan ya auku tsakanin kaka da jika, har ana samun gida guda a Jekadafari ko Bolari wanda zaurensa na ƙasa ne, ɗakunan tsakiya na bulo, shagon da ke bakin titi kuwa yana da ƙofar ƙarfe.

A wancan zamani ba a gama gida, ƙara shi ake yi gwargwadon yadda Allah ya ƙara iyali. Idan ɗa ya isa aure, ko maigida ya yi niyyar ƙara mata, ko gyatuma ta dawo hannun ɗanta bayan rasuwar mijinta, sai a dubi filin da ya rage cikin danga a ce ga inda ɗaki zai zauna. Talaka galibi ɗakin ciyawa yake yi, shi da 'yan'uwansa da maƙwabta, a kira gayya, a dama fura, a tuƙa tuwo, kafin la'asar an ɗora jinka. Mai hali shi ke neman soro, kuma shi ke bukatar magini.

Lissafin soro kuwa da watanni ake yin sa da damman hatsi, kuɗi na biye. Ba a fara gini sai ruwa ya ɗauke an kai amfanin gona rumbu, domin a lokacin ne hannu ke samuwa, rana kuma ke busar da tubali. A haƙo ƙasa, jakuna su kwaso, a zuba ruwa da ciyawa a tattaka da ƙafa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake cuɗawa, sa'an nan a mulmula tubali a jera a rana. Magini na bisa katanga a zaune, yaro na jefa masa tubali daga ƙasa yana cafewa, ba ma'auni a hannunsa sai kamu da taki da idon da ya gada wurin ubansa. Abin da ke cin kuɗi na haƙiƙa shi ne azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cika cin ta ba, kuma ita ce ke yanke wa ɗaki faɗinsa; wanda ke son ɗaki mai yalwa dole ya nemi gwanin da ya iya ɗaurin guga, irin fasahar da ta kai matuƙa a hannun Babban Gwani Muhammadu Durugu a masallacin Juma'a na Zariya. Bayan rufi sai yaɓe da makuba, sai a kafa indararo, kuma kowace shekara kafin damina a sake duba su.

Malaman Malikiyya sun daɗe da warware wannan mu'amala a babin ijara, inda suka shardanta a san aikin, a san ladan, kada a bar jahilci a tsakani da zai haifi husuma. Littafin Risala ma ya hana mutum buɗe tagar da za ta leƙa gidan maƙwabcinsa. Amma a aikace amana ce ta fi aiki, domin magini ɗan unguwa ne, tare ake sallar asuba, kuma wanda soronsa ya zuba a damina ta farko ba ya sake samun kira.

Auduga ce ta fara sauya al'amari. Da aka kafa injin gurzar auduga a garin cikin shekarun 1950, jirgin ƙasa kuma ya iso a farkon shekarun 1960, kuɗi suka shiga hannun manoma da fatake, kwanon rufi da siminti suka sauka a tasha, har rufin kwano ya zama shaidar cewa mutum ya samu. Daga baya masana'antar siminti ta Ashaka ta fara aiki a 1979 a ƙasar Funakaye, sa'an nan a ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire Gombe daga Bauchi ta zama jiha, ma'aikata suka kwararo suna neman haya, mai fili a bayan gida ya gane cewa ɗaki biyu da banɗaki sun fi masa gona riba. Tun daga nan nauyin lissafi ya tashi daga kan hannu ya koma kan kaya, kuma aikin da magini ɗaya ke yi ya rabu tsakanin birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi da mai jan waya, kowa da nasa ciniki.

Ciniki iri biyu ne har gobe. Akwai na yini, wanda maigida ke biya da yamma, sai dai lalle ya zauna a wurin, in ba haka ba aiki ya yi ta jan ƙafa. Akwai jinga, inda ake yanke kuɗi a kan mataki, daga harsashi zuwa linta, daga linta zuwa rufi, a ba da kafin alƙalami, sauran sai an gama. Aibinta gaggawa ce, da kwaɓin da yashi ya rinjayi siminti. Shi ya sa za ka ji magini na cewa, "Alhaji, kai ka sayo kayanka, ni hannuna kawai za ka biya," kuma a ganina wannan shi ne adalci ga kowa, tun da farashin buhu kan tashi tsakanin safe da yamma, wanda ya ɗauki jinga har da kaya kuwa ɗayan biyu ne, ko ya yi asara ko ya ha'inci.

Tsohuwar ɗabi'a dai ba ta mutu ba. Ma'aikaci a Tumfure ko Pantami yakan sayi bulo ɗari wannan wata, tifar yashi wata mai zuwa, bandir ɗin kwano bayan an sayar da masara, yana tara su a ƙofar gida domin ya fi amincewa da su bisa ga naira a banki. Abin da kakansa bai sani ba shi ne takardar mallakar fili, wadda dokar filaye ta 1978 ta danƙa ikonta ga gwamna, da izinin hukumar tsara birni, da kuma kuɗin magudana, domin ƙasar Gombe mai yashi ce kuma garin yana cikin kwari, ruwan da kwano ya zubar yakan zaizaye gindin katanga kafin a ankara. Yanzu da tsakar gida ta cika a tsofaffin unguwanni, mutane sun koma ɗora bene a kan harsashin da ba don shi aka haƙa ba, kuma a nan shawarar birkila ba ta wadatarwa, sai an biya injiniya ya zo ya tona ya gani.