Oumarou Ganda ko Moustapha Alassane: wa ya fi a tarihin sinimar Nijar?

A fadodin matasa na Konni, Malbaza da Illela, idan gardamar fim ta tashi a bakin shayi, sunayen daraktocin Kano ne ke fitowa, wani lokaci na Indiya ko na Amurka. Ba kasafai ake jin na gida ba, alhali Nijar na cikin ƙasashen Afirka ta Yamma da suka fara shirya fim da hannun ƴaƴansu, tun farkon shekarun 1960. Masana harkar kuwa sun daɗe suna jayayya kan mutum biyu: Oumarou Ganda da Moustapha Alassane.

An haifi Ganda a Yamai a 1935. Yana matashi ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indocin. Da ya dawo bai samu abin yi ba, ya nufi Abijan yana dako a tashar jiragen ruwa. A can ya haɗu da Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958, inda ya ɗauki laƙabin Edward G. Robinson, sunan wani tauraron Amurka. Fim ɗinsa na farko, Cabascabo, labarin tsohon soja ne da ya dawo gida da kuɗi, abokai suka taya shi cinyewa, suka watse. An nuna shi a bikin Cannes a 1969. Sai Le Wazzou polygame, labarin Alhajin da ya dawo daga Makka ya auri yarinyar da aka riga aka yi wa baiko da wani, har kishi ya kai ga kisan kai. Da shi Ganda ya ci babbar kyautar Étalon de Yennenga a bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, shekarar da aka fara bayar da ita. Ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981. Cibiyar al'adu ta Yamai, CCOG, sunansa take ɗauke da shi, haka ma kyautar da FESPACO ke ba wanda ya yi fice da dogon fim ɗinsa na farko.

Hujjar masu goyon bayansa ke nan: kyautar farko, da labarai masu ciwo da ya ciro daga rayuwarsa.

Alassane, haifaffen 1942, makanike ne kuma mai zane kafin ya kama kyamara. Ya riga Ganda farawa, domin Aouré, kan al'adun aure, ya fito tun 1962. Ya je Kanada ya ƙaro ilimin zane mai motsi a wajen Norman McLaren, kuma La Mort de Gandji ya samu kyauta a bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966. A shekarar ce ya fitar da Bon Voyage Sim, inda shugaban ƙasar kwaɗi ke ziyarar aiki a maƙwabta, ana faretin soja ana jawabai. Zambo ne ga shugabannin lokacin, kuma wanda ya kalle shi yau ba zai ce ya tsufa ba.

Fim ɗin da ya fi jan hankali, a ganina, shi ne Le Retour d'un aventurier, shi ma na 1966. Wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, huluna da bindigogi, ya raba wa abokansa. Suka hau dawakai, suka canza suna, suka addabi ƙauyensu da sata da faɗa irin wanda suka gani a majigi. A lokacin finafinan kaboyi ne ke cika gidajen sinima na Yamai, shi kuwa Alassane ya ari salon Amurkawa don ya nuna ɓarnar kwaikwayon Amurkawa. A wannan fim Zalika Souley ta fara fitowa, haka Djingarey Maïga, wanda daga baya ya zama darakta. A 1972 ya ƙara da F.V.V.A., wato mace, gida, mota da kuɗi, kan ma'aikacin da son burga ya kai shi ga satar kuɗin ofis. Ya kuma yi Kokoa, gasar kokowa ce tsakanin dabbobi.

Mutanen jihar Tawa na da rabo a cikinsa: a Tawa ya zauna shekarunsa na ƙarshe, yana riƙe da otel wanda ya mayar da wani sashensa ɗakin aikin fim. Ya rasu a Wagadugu a Maris 2015.

Idan kyauta ce ma'auni, Ganda ne a gaba. Idan yawan salo ne da ƙirƙira da kayan hannu, sai a miƙa wa Alassane, kuma can na fi karkata. Sai dai Ganda yana da shekara 45 ya rasu, shi kuwa Alassane ya ƙara fiye da shekara talatin a bayansa, don haka awon bai zo daidai ba.

Gardamar ba ta tsaya ga su biyu ba. Rahmatou Keïta ta tattara tarihin wancan zamanin a Al'lèèssi, ta bakin Zalika Souley. Aïcha Macky ta Damagaram ta yi suna da L'Arbre sans fruit a 2016. A nan kusa akwai Sani Magori, ɗan Galmi, injiniyan noma, wanda fim ɗinsa Pour le meilleur et pour l'oignon na 2008 ya bi manomin da auren ɗiyarsa ya rataya a kan kuɗin albasa. Da Hausa ake magana a cikinsa, kuma ya zaga bukukuwan fim na waje, amma zai yi wuya a same shi wajen masu tura fim a waya na kasuwar Konni, kamar yadda na Ganda da Alassane ke wuyar samu.